Tumatirin da Malam Dauda Ya Raya Ta Waya

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin shinkafa a ɗakin su Nura a unguwar Bin Mahmud cikin Doha, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce in kalla. Nura ɗan Zariya ne, gadi yake yi a wani babban kanti, yaro mai kirki amma bakinsa ya riga hankalinsa tashi daga barci. Bidiyon wasu Turawa ne suna noman wiwi a cikin ɗaki, babu ƙasa, sai ruwa da fitilu.

Ya ce, "Baba Isa, ashe irin aikinku ke nan? Ka zuba ruwa, ka zuba magani, ka ja kujera ka zauna a sanyi. Mu da muke wuni a tsaye mu ne wahalallu. Don Allah ka samar mini gurbi."

Na ce masa da farko ya goge abin nan daga wayarsa, don a ƙasar nan ko warinsa aka ji a rigarka, sai dai iyayenka su ji labari. Na biyu, mu tumatir da kokwamba muke nomawa. Amma ruwan ɗaya ne, yunwar ɗaya ce, kuma wanda ya ɗauki bidiyon bai nuna ranar da ganye ya juya masa baya ba. Daga nan na ci gaba da cin abincina. Abin da ban faɗa ba ranar shi ne zan faɗa yanzu, don na gaji da kallon kitsen da ake yi wa rogo.

Ni direba na zo ƙasar nan. A gida, wajen Funtuwa, na yi noma kamar kowa, masara da dawa, da ɗan tumatir a fadama in rani ya yi. Nan kuwa mota mai sanyi aka ba ni, ina kwasar kwalaye daga wata gona a arewa da Doha ina kai wa kantuna da otal-otal. Mai gonar, wato kafil ɗinmu da muke zaman ƙasar da sunansa, a unguwar Gharrafa yake zaune, ba kasafai muke ganinsa ba. Wanda muke gani kullum shi ne Mudir, manajan gonar, mutum mai fara'a da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ku riƙe wannan, don a gonarmu mugun labari da murmushi yake zuwa.

Gonar ba irin wadda kuka sani ba ce. Dogayen rumfuna ne na leda a jere a tsakiyar rairayi. A ƙarshen kowace akwai bangon kwali da ruwa ke tsiyaya a kansa, a ɗaya ƙarshen kuma manyan fankoki suna jan iska ta cikinsa. Sanyin da Nura ke kwaɗayi ke nan, kuma ba don mu aka yi shi ba. Tumatir ba ya taɓa ƙasa. Yana tsaye ne a cikin dogayen buhunan leda cike da dusar ɓawon kwakwa, wadda babu abinci ko kaɗan a cikinta, riƙe saiwa kawai take yi. Duk abin da shukar za ta ci, ta wani siririn tiyo yake ɗigo mata. A gida in ka yi kuskuren taki, ƙasa tana rufa maka asiri, ta shanye ta jira ruwan sama. Nan babu mai rufa maka asiri. Abin da ka zuba da safe, kafin la'asar ganye ya faɗa wa duniya.

Mai kula da tumatirin shi ne Malam Dauda, mutumin Kura. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun da aka kafa rumfar farko yake wurin. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a gonar, ɗaki ɗaya muke kwana a gidan ma'aikatan kamfani a Sanaiya, unguwar gareji da rumbunan ajiya. Bai taɓa kirana da sunana ba, Direba yake ce mini. Kayan aikinsa ba su cika aljihu biyu ba: mita ta auna yawan taki a ruwa, mita ta auna tsami, 'yar wuƙa, da gindin robar ruwa da ya yanke yana tarar ruwan da ke fita daga ƙarƙashin buhu. A bakin ƙofar rumfa kuma yana ajiye roba cike da madara. Duk wanda zai taɓa tumatir sai ya tsoma hannu a ciki, musamman masu shan taba, don akwai cutar da ke bin hannu daga taba zuwa ganye. Nakan tsokane shi cewa tumatir na shan madara mu muna shan baƙin shayi. Yakan ce, "Shi yana kawo riba. Kai me kake kawowa ban da ƙura?"

Rumfa ta huɗu ita ce ransa. Kafil ya daɗe yana son ya tumɓuke tumatir gaba ɗaya ya koma latas, don latas ba ya daɗewa kafin a girbe shi kuma kowa na iya kula da shi. Malam Dauda ne ya roƙa a bar masa rumfa ɗaya ya nuna cewa tumatir zai iya kaiwa tsakiyar zafi bai mutu ba. Aka bar masa. Kowa a gonar ya san ma'anar wannan. Shekarunsa sun ja, sabunta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, kullum sai an yi ta jan ƙafa. In rumfar ta mutu, babu tumatir, babu dalilin ajiye Malam Dauda.

Ranar da aka rufe Sanaiya saboda korona, ina gona ina sauke kwalaye. Malam Dauda yana ɗaki, ya ɗauki hutu don jikinsa na masa ciwo. Mudir ya zo ya tsaya daga nesa da ƙyalle a bakinsa, ya ce an sa shinge, wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje. Injiniyan da ke rubuta mana haɗin taki ya tafi hutu ƙasarsu, jirage sun tsaya a bayansa. Aka bar gonar da ni da wasu 'yan Bangaladash da ɗan Nepal guda, dukanmu masu ɗauka da saukewa. Aka shimfiɗa mana katifu a ɗakin ajiyar kwali. Ban gama shimfiɗa tawa ba waya ta yi ƙara.

Malam Dauda ya ce, "Direba, in rumfar nan ta mutu, zamana a ƙasar nan ya ƙare. Daga yau kai ne hannuna. Kunna bidiyo ka shiga, ka tsoma hannu a madara tukuna."

Haka na koyi sana'ar nan, ta cikin waya, daga bakin mutumin da ke kwance a gado mai hawa biyu yana tari.

Aikin farko da ya sa ni shi ne haɗa tanki. Tankuna biyu ne na taki mai ƙarfi, da na uku na ruwan asid. Na ga buhuna duk farare, duk kamar gishiri, na ce me zai hana in juye su wuri ɗaya in huta. Ya ce in ɗebi kaɗan daga wannan da kaɗan daga wancan in haɗa a kofi. Na haɗa. Nan take ruwan ya kame ya yi fari kamar kindirmo, wani laka ya kwanta a ƙasa. Ya ce, "To da a tanki ka yi, wannan lakar ce za ta toshe kowane tiyo a rumfar, kuma abincin da ke ciki ya mutu. Kalsiyam ba ya zama da 'yan'uwansa sai an tsinka su da ruwa mai yawa. Zubar ka wanke kofin." Daga ranar ban sake tambayar me zai hana ba.

Sai aikin ƙudan zuma. Ku da kuke cewa a zuba ruwa a zauna, wa kuke tsammani ke sa fure ya zama tumatir a cikin rumfar da iska ba ta kaɗawa? Wasu manyan ƙudaje ne masu kama da zuma, a kwali ake kawo su ta jirgi daga Turai. Jirgi ya tsaya, na cikin rumfar suka tsufa suka mutu. Malam Dauda ya sa na yanko sanda, kowane hantsi, kafin zafi ya tashi, in bi layi ina bugun wayar ƙarfen da aka rataye shukokin a jiki, don furen ya girgiza ya zubar da garinsa. Ka buga da ƙarfi fure ya zube, ka buga a hankali ka yi aikin banza. Yana jin ƙarar ta waya yana cewa, "Ba jaki kake kora ba." Na zama ƙudan zuma da furfura a gemuna, kafaɗata har yau tana tuna mini.

Ya koya mini cire ganye. Duk ganyen da ke ƙasa da curin da ya fara nuna, ka karya shi daga gindi, tsaf, ba ka barin kututture. Na ji ba daɗi, don ganyen kore ne shar, lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya riga ya gama ciyar da 'ya'yan da ke kansa, yanzu inuwa kawai yake yi yana tara cuta. Na cika buhuna da ganye mai lafiya na kai bola.

Bala'in ya zo ne cikin azumi. Da safe na shiga rumfa na ga kan shukokin ya ɗashe, layi bayan layi. Da rana kuma sai su yi laushi su sunkuyar da kai, alhali buhunan a jiƙe suke. Duk wanda ya tashi a gonar gero ya san maganin ganye mai rawaya. Kakana ya sani, ubana ya sani. Na saɓo buhun taki, sannan na kira shi.

Na ce, "Malam, yunwa suke ji. Bari in ƙara musu."

Ya ce, "Ajiye buhun nan, Direba. Juyo da wayar in ga ka ajiye." Na ajiye. Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Wane ganye ne ya yi rawaya, na sama ko na ƙasa?"

"Na sama."

"Jijiyoyinsa fa?"

"Suna nan kore."

Na kanga masa wayar a jikin ganyen, ya ce in daina, waya maƙaryaciya ce, gyara launi take yi don ta burge mai ita. Ya ce in faɗa masa da baki: kamar ɓawon lemun tsami ne da ya nuna, ko kamar man shanu? Na duba na ce wasu kamar lemun, na can ƙarshen rumfa har sun kusa man shanu. 

Sannan ya ce, "Shukar da taki ya yanke mata, tsofaffin ganyayenta take tatsa ta ciyar da sababbi, sai rawaya ta fara daga ƙasa. Wannan daga sama ta fara. Ba rashin abinci ba ne. Abinci na gabanta, bakinta ne a ɗaure, kamar ni da kai a watan nan. Ka ƙara taki yanzu, ka ƙone saiwar, khalas, shi ke nan."

Ya ce ruwan taki kamar miya yake, akwai tsami akwai kanwa. In kanwa ta yi yawa, sinadarin ƙarfen da ke sa ganye kore sai ya kulle, saiwa ba ta iya ɗaukarsa ko da an cika tanki da shi. Na tsoma mitar tsami a ruwan, ta ce komai daidai. Na faɗa masa da murna. Ya ce yaushe rabon da a gwada mitar kanta? Ruwan gwajin ya ƙare tun makon da aka rufe gari. Ya ce to mitar ma waya ce, in ajiye ta. Ruwa ba ya yin kanwa banza, in bi tiyo in koma baya har inda ruwan ya fito.

Na bi. Na wuce famfo, na wuce tankuna, na kai ɗakin injin da ke tace ruwan rijiya. Ruwan ƙarƙashin ƙasar nan zartsi ne, sai an tace shi shuka ke iya sha. Ya ce in ɗebi wanda injin ya tace in ɗanɗana.

Na ce, "Malam, ina azumi."

Ya ce, "Ɗanɗana ka tofar. Mai girki ma an yarda mata."

Na ɗanɗana. Gishiri-gishiri, da wani ɗaci a bayan harshe. Matatar injin ta gaji, tana barin zartsi yana wucewa, ga tankin asid ya kusa ƙafewa, don tun tuni injin yake ta zuƙarsa yana faɗa da kanwar da ta fi ƙarfinsa. Na koma rumfa na tari ruwan gindin buhu a yankakkiyar robarsa, mitar taki ta haura inda ban taɓa ganin ta kai ba. Gishiri ne ya taru a saiwa, shi ya sa shukar ke jin ƙishirwa tana tsaye cikin ruwa. Na ɗaga buhu ɗaya na leƙa. Saiwar da ya kamata ta zama fara tas ta fara yin ruwan ƙasa a bakinta, amma ba ta wari. Ya ce in dai ba ta wari, akwai sauran rai.

Sabuwar matata da jarkokin asid suna nan a rumbun kamfani. Rumbun yana Sanaiya, bayan shinge, in Malam Dauda ya leƙa ta taga yana hango ƙofarsa. Wannan abu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin da muka yi ba ya cikin bidiyon kowa. Na je na tsaya wa Mudir har ya yarda aka kawo tankar ruwan sha. Muka wanke buhunan da shi, ɗaya bayan ɗaya, muna zubawa har gishirin ya fita ta ƙasa, ba gaba ɗaya ba, don in ka sauke gishiri lokaci guda tumatirin da ke jiki sai ya sha ruwa ya tsage. A madadin asid, Malam Dauda ya aike ni kantin kayan miya na kwashe farin garin tsamin nan da Larabawa ke kira gishirin lemun tsami. Ba ya daɗewa a ruwa, kullum sai an sake, kuma babu mitar da za a yarda da ita, sai 'yan takardun gwaji masu canza launi da na samo a shagon masu gyaran tafkin wanka. Sinadarin ƙarfen kuma muka fesa shi a ganye da sanyin safiya. Ni da 'yan Bangaladash muna azumi, ɗan Nepal ba ya yi, amma shi ma bai ci komai a gabanmu ba. A cikin rumfa gumi yake bin ƙafa har cikin takalmi.

Ana cikin haka aka kwashe Malam Dauda zuwa wurin killace masu cutar. Bai daina kira ba. Wata rana ba na ganin fuskarsa, sai silin, don ya ɗora wayar a ƙirji, ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto. Na ce ya huta, zan iya. Ya ce, "Za ka iya me? Je layin bango ka faɗa mini launin sabon toho." Ganyen da ya riga ya ɗashe ba ya cika dawowa, sabon da zai fito shi ake jira. Ranar da na ga toho ya fito kore, na faɗa masa, bai ce komai ba sai, "To ka rage tsamin kaɗan." Daga baya na ji yana hamdala a hankali, yana tsammanin na kashe wayar.

Rumfa ta huɗu ta rayu. Ta kai tsakiyar zafi tana ba da tumatir lokacin da kasuwa ke nemansa ido rufe. Kafil da kansa ya zo da baƙar motarsa, ya ɗauki hoto a tsakanin layuka, bai tsoma hannu a madara ba, ba kuma wanda ya isa ya ce masa ya tsoma. Na faɗa wa Mudir a gabansa cewa aikin Malam Dauda ne, ni hannu kawai na ba da. Mudir ya dafa ni ya yi murmushi ya ce, "Mashallah. Amma hannun wa?"

Da aka buɗe Sanaiya Malam Dauda ya dawo, ya rame, rigar aikinsa tana yawo a jikinsa. Ya tsoma hannu a madara, ya bi layi hannayensa a baya, yana tsayawa yana hutawa. Da ya kai ƙarshe ya juyo ya ce, "Direba, ka bar ganyen ƙasa da yawa." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Kafil ya fasa maganar latas. Gasar cin kofin duniya na tafe, aka ƙara rumfunan tumatir, aka cire ni daga mota aka mayar da ni ciki, a kan albashina na direba. Malam Dauda ya ci gaba da koya mini, bai ɓoye komai ba. Wani ɗan Sudan da ke gyaran fankoki ya ja shi gefe ya ce ya riƙe wani abu a aljihu, kada ya juye duka. Ya ce in ya riƙe, tumatir ne zai biya, kuma tumatir bai yi masa laifin komai ba.

Shekarar gasar ita ce shekarar masu saye. Mai sayen kayan otal zai zo da zobe na roba, tumatirin da bai cika zoben ba ko ya fi shi, ya mayar. Ba ya ɗanɗanawa. Wanda ya fi zaƙi shi ne wanda ya ɗan sha wuya ya fito ƙarami, shi ne kuma ake dawo mana da shi kwali-kwali. Mudir ya ce a ƙara ciyarwa a yi sauri. Aka ƙara, shuka ta yi tsawo da ganye kamar za ta fasa leda, sai gindin tumatirin ya fara baƙi yana lotsawa. Kalsiyam ne bai kai ƙarshen ɗan ba, don girman ya fi tafiyar ruwa sauri. Ba cuta ba ce, babu feshin da ke maganinta, sai dai ka daidaita ban ruwa ka rage gaggawa. Muka daidaita. Amma yanzu ni nake hawa da sauka, Malam Dauda yana zaune a kan kwali a bakin ƙofa inda iska ta fi, don danshin ciki yana toshe masa ƙirji. Daga inda yake zaune yana hango abin da ni da ke tsaye a kai ban gani ba. Mudir kuwa in ya wuce, mutum a zaune kawai yake gani.

Saura 'yan makonni a fara wasa aka kira shi ofis. Bai daɗe ba ya fito. Mudir ya rako shi har ƙofa yana riƙe da hannunsa, yana cewa shekaru sun ja, lafiya ta fi komai, ya je ya huta cikin jikoki, gonar nan gidansa ce har abada. Ba za a sabunta iƙamar ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, kuma da ladabi aka yar.

Na same shi a rumfa ta huɗu yana cire ganye. Na ce zan je in gaya wa Mudir ban iya ba, in ma ya so in bar layi ɗaya ya lalace ya gani da idonsa.

Ya ce, "Ka taɓa layi ɗaya, ban yafe ba." Ya karya wani ganyen ya jefa a buhu. "Ni na yi lissafin banza, Direba. Ina kwance ina tsoron kada ta mutu a kore ni. Da ta mutu lokacin nan, da sun san amfanina. Rayuwar da ta yi babu ni a ciki, ita ta kore ni."

 Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ba shi ba. Mudir bai yi ƙarya ba, hannuna ne ya yi aikin.

Ni na kai shi filin jirgi, a motar kwalaye. Tituna sun sha tutoci, ana ta fenti, manyan hotunan 'yan ƙwallo sun rufe benaye. Baƙi na sauka, shi yana hawa. A bakin ƙofa ya ciro 'yar wuƙarsa da yankakkiyar robar nan ya ba ni, ya ce mitocin na kamfani ne, waɗannan nasa ne. Ya ce kada in yarda da mita ranar da ganye ya ce ba haka ba. Duk tsawon gasar, tumatirin rumfarsa ne ake yankawa a manyan otal, kowanne daidai zobe. Ban kalli wasa ko ɗaya ba, muna tsinka ba dare ba rana.

Da aka gama gasa baƙi suka watse, oda ta ragu. Mudir ya kawo samari biyu sababbin zuwa ya ce in nuna musu aiki. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na san karin maganar, na kuma tuna shawarar ɗan Sudan. Amma ranar da na ga ɗayansu zai juye buhu biyu a tanki ɗaya, sai na ce ya kawo kofi. Daga nan kuma ban san inda zan tsaya ba.

Watan da ya wuce Mudir ya kira ni ofis. Ya sa aka kawo mini shayi da madara. Ya ce tun korona ban je gida ba, wannan ba daidai ba ne, ya ba ni dogon hutu. Ya ce kada in damu da rumfa, yara sun kama hannu, in wani abu ya taso ai ga waya, sai su nuna mini ganye. Yana murmushi.

Na kira Malam Dauda a Kura na faɗa masa. Ya yi dariya har ta zama tari. Ya ce, "In sun kira za ka ɗaga?" Na ce ba zan ɗaga ba, su je su tambayi Mudir launin toho. Ya ce, "To, Direba. Allah ya kawo ka lafiya."

Saboda haka, Nura, gurbin da kake nema yana nan tafe, ka ƙara haƙuri kaɗan. Na haɗa kayana duka, har da bargo da tukunya, abin da mai zuwa hutu ba ya ɗauka. Jiya da hantsi ina ɗaure jaka a Sanaiya waya ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin samarin ne. Na bar ta tana ƙara har ta kusa yankewa. Ya ce rumfa ta huɗu ta fara rawaya, ya ɗauko taki zai ƙara.

Na ce, "Ajiye buhun nan. Na sama ne ko na ƙasa?"